Kifin Maccido da Ɗakin Inna

Maccido ɗan gidan mahauta ne a bayan Hubbare cikin Sakkwato, kuma tun yana ƙarami ba a san shi da zama wuri ɗaya ba. Mahaifinsa ya tsayar da shi a teburin nama, bai daɗe ba ya ce ƙudaje sun ishe shi. Ya tafi Kalambaina dakon buhunan siminti, ya dawo da tari da farar gira. Ya yi kabu-kabu har babur ya kayar da shi, ya bar masa tabo a gwiwa. Daga baya ne ya samu aikin da ya dace da ƙafarsa, wato rakiyar shanun Alhaji Jibrin a tirela zuwa Legas. A saman katako yake zama da sanda, yana tayar da duk saniyar da ta kwanta kada 'yan uwanta su tattake ta. Matarsa Sakinatu takan ce ko a masallaci, kafin liman ya shafa addu'a takalmin Maccido na hannunsa.

A wata tafiya ne ruwan sama ya kora shi cikin wani shago a Legas. Yana juyawa ya ga bango cike da akwatunan gilashi, kifaye na yawo a ciki kamar an zana su da alli. Akwai wasu 'yan ƙanana masu ruwan lemo da ratsin fari. Mutumin da ba ya iya gama kofin shayi a zaune, sai ga shi tsaye har ruwa ya ɗauke bai sani ba.

Mai shagon ya gaya masa gaskiya. Ya ce kifin teku ne, ruwan gishiri yake sha, kuma ba gishirin miya ba, nasa na musamman ne a buhu. Ya ce in zai saya ya sayi babban akwati, don ƙaramin ya fi wuyar riƙo. Maccido ya yi dariya. Shi da ya san yadda ake cusa shanu a mota, wa zai gaya masa wurin da dabba ke buƙata? Abin da bai kai babban yatsa ba, me zai yi da fili? Ya zaɓi akwatin da zai iya rungumewa, da kifi uku a leda, da ɗan injin hura iska mai batir. Ya naɗe su da jiƙaƙƙen buhu, ya riƙe a cinya har Sakkwato.

Sakinatu ta leƙa ta ce, "Baban Zakiyya, wanga ko miya ba shi yi."

"Ba na ci ba ne."

"To na mi ne?"

"Na kallo."

Ta matsar da kwanukanta daga kan kabad ta ba shi wuri.

Da sanyi komai ya tafi daidai. Maƙwabta suna sallama su shigo kallo, tsofaffi suna tasbihi ga Mai halitta. Amma da bazara ta kama, ɗakin kwano ya zama tanda. Ruwan akwatin yakan yi ɗumi tun kafin azahar. Kullum yana raguwa, gishirin kuwa ba ya tashi tare da shi, sai ruwan da ya rage ya ƙara ɗaci, gefen gilashin ya yi fari. Maccido ya dawo daga tafiya ya tarar ɗaya ya mutu. Sakinatu ta binne shi a gindin zogale, ta ce ba ta iya jefa wa kaji ba. Bai sauke gajiya ba na biyu ya bi, a kan idonsa, yana hawa sama yana buɗe baki.

Saura ɗaya, mafi ƙanƙanta, wanda ke ɓuya bayan dutse.

Daga nan Maccido ya rasa sukuni. Ya ɗauki akwatin ya kai zaure, rana ta biyo shi. Ya kai gindin darbejiya, kaji suka kewaye. Ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane kamar randa. Ya sayo ƙanƙara a leda ya saka tana yawo a kan ruwan, ruwan ya yi sanyi farat ɗaya, kifin ya kwanta gefe, ya yi maza ya cire. Ya buga wa mai shagon waya, mutumin ya maimaita masa abin da ya faɗa tun farko: ruwa kaɗan da wuri yake zafi, da wuri yake ɓaci, mai yawa kuwa yana da haƙuri. Ya ce ya nemi babban akwati da wuri mai sanyi, in ba haka ba wannan ma ba zai ga damina ba.

Sakinatu ce ta ce, ba tare da ta ɗago daga tsince shinkafa ba, "Duk gidan ga babu inda ya kai ɗakin Inna sanyi."

Ɗakin ƙasa ne mai kaurin bango da rufin azara, inda mahaifiyarsa ta zauna har Allah ya karɓi ranta. Tun daga lokacin buhunan gero da tsofaffin tabarmi ke ciki. Maccido ba ya shiga. Dama yana ta maganar sayar da rabonsa na gidan ya kwashe iyali su koma Kudu, har ya fara nuna wa dillalai. Ranar ya tura ƙyauren, sanyi ya daki fuskarsa, da ƙamshin ƙasa da na tsohon turare. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi mata addu'a, sannan ya fita neman Dodo.

Dodo mai yankan gilashi ne, kuma taubashin Maccido, don haka ba ya raga masa. Ya zo da tef ɗin awo a wuya, ya duƙa ya kalli kifin.

"Kai, mahaucin banza! Ubanka na kayar da bijimi, kai kana jinyar abin da kyanwa ba ta ƙoshi da shi."

"Auna mini dai, Dodo. Daga nan zuwa nan nika so."

Dodo ya auna bangon, ya auna ƙofar, ya sake aunawa. Ya ce, "Wanga girma ba shi shiga. Ƙofar mutanen da ce, ko ni sai na sunkuya. In yi maka madaidaici wanda za ya shiga shi hita, in ka tashi ƙaura ka ɗauki abinka."

"Madaidaici za ya riƙe sanyi?"

"Ni gilashi na sani, ban san kihi ba. Amma kai ka ce ruwa da yawa aka so."

"To babban fa?"

"Sai in shigo da gilashin falle-falle in manne shi nan ciki. In ya bushe kuwa, shi da ɗakin ga sun zama ɗaya. Ba ka hidda shi sai da guduma."

Maccido ya fita tsakar gida, ya dawo, ya sake fita. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, Alhaji Jibrin ne, ana lodin shanu, ana jiransa. Ya ce yana zuwa. Ya kai zaure, ya sa takalmi, ya cire. Sakinatu na bakin murhu tana hura wutar da ta riga ta kama. Ya je ya tsuguna gaban ƙaramin akwatin. Kifin ya fito daga bayan dutsensa, launinsa ya koɗe, kunnuwansa na bugawa da sauri.

"Dodo," ya ce, bai juyo ba. "Manne shi ciki."

"Ka ji abin da na ce dai? Kada gobe ka zo kana mini kuka."

"Awo, na ji. Manne."

Motar Alhaji Jibrin ta tafi da wani. Aikin bai zo da sauƙi ba, don sai da aka ja waya daga na'urar hasken rana zuwa ɗakin saboda inji, aka tace ruwa, aka dama gishiri, aka bar shi ya kwanta makonni kafin a saka rai a ciki. Duk tsawon lokacin ƙaramin akwatin na ajiye a ƙasan ɗakin Inna, Maccido na shiga yana fita, yana tsoma yatsa, yana ƙara ruwa da ludayi. Dillalai suka zo ya ce su dakata, da suka sake zuwa ya ce ya fasa.

Ranar da ya juye kifin a babban akwati, sai kifin ya maƙale a kusurwa ɗaya, yana juyawa daidai faɗin tsohon gidansa. Can sai ya miƙe, ya bi gilashin tun daga wannan bango har wancan.

Yanzu Maccido na sayar da nama a teburin mahaifinsa, yana korar ƙudaje yana mita. Ƙafarsa ba ta daina rawa ba, kuma duk tirelar da ta wuce sai ya bi ta da ido har ta sha kwana. Amma rana na take tsaka yake barin wuƙa a hannun ɗan'uwansa, ya taho gida da sauri ya duba ruwa. Kifin yana nan da ransa, ya yi ƙiba. Dodo ya ce in ya ƙara kaɗan zai zo da yaji.