Layin Yohanna Bai Taɓa Yin Ja Ba

A watan nan Yohanna ke cika shekara shida da rasuwa, ni ma nake cika shekara shida ina cewa gobe zan rubuta wannan. Masu karatu su yi mini afuwa, daga aji huɗu na firamare malamai ba su sake ganin ƙeyata ba. Famfo na sani, ba alƙalami ba. In kun ga rubutun yana yoyo, ku tara bokiti.

Yohanna mutumin kudancin Kaduna ne, amma ya fi ni sanin lungunan Tarauni. Sama da shekara ashirin muka yi tare a wani ƙaramin kamfanin gine-gine a Gyadi-Gyadi, shi foman, ni mai famfo. Ina ce masa Fasto don bai iya zagi ba, shi kuma yana ce mini Liman don kullum a sahun ƙarshe ake samuna. Yana da hawan jini. Likita ya ce ya rage aiki, ya guji rana. Matarsa, Maman Rahila, da ƙafarta ta zo ofis ta faɗa mana haka, ina tsaye.

A da, shi ke raba mu wuraren aiki. Kayan aikinsa gwangwanayen madara ne da murafun lemo: kowane gini da gwangwaninsa, kowane ma'aikaci da murfinsa, an karce sunansa da ƙusa. Da safe sai ya dubi fuskar mutum tukuna, sannan ya jefa murfin. Ya san wanda matarsa ke asibiti, ya san wanda gwiwa ta hana hawa tsani. Da azumi ba ya tura mu kan rufi bayan azahar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai ɗan mai kamfanin ya dawo daga karatu, Injiniya guda, ya kawo manhajar tsara aiki, aka kafa mata allo a bango. Ba zan zalunce ta ba, ta iya lissafi. Ana zuba mata duk ayyukan da ke hannu da awannin da kowanne zai ci, kowa da layinsa. Kore, kana da sauran ƙarfi. Ruwan ɗorawa, ka cika. Ja, an yi maka lodi, sai ta kwashe rarar ta kai wa mai kore. Duk Litinin Injiniya zai tambayi kowa awa nawa aikinsa zai ci, kuma ko zai iya ƙari.

To, a nan gizo ke saƙa. Mu an raine mu a kan in an ce ina gajiya, ka ce ba gajiya, ko da kan gadon asibiti kake. Dattijo ba ya duban ɗan maigidansa ya ce na gaza. Ga shi rabin aikin Yohanna ba shi da suna a manhajar. Babu gurbin ba Hajiya mai gini haƙuri don tayil ya karkace, babu na jiran motar siminti, babu na raba magini da kafinta faɗa. Yana yini a ƙafa daga Daurawa zuwa Unguwar Gano, layinsa na nan kore shar kamar gonar alayyafo.

Ni kuwa, jahilin cikinsu, ni na fara gano lagonta. Aikin kwana biyu sai in ce huɗu, fuska a murtuke. Layina ya yi ja, na samu lokacin shan shayi har da ƙari. Na ba Yohanna wannan ilimi kyauta, bai karɓa ba.

“Liman,” in ji shi, “awannin da kake ƙarawa ba ɓacewa suke yi ba. A kan wani suke sauka.”

Na yi dariya, na ce wa'azi sai Lahadi.

A tsakiyar bazara ayyuka huɗu suka haɗe mana. Akwai haɗa tankunan ruwa a saman wani bene a Unguwar Gano. Aikina ne, kuma ina da lokacinsa. Amma allo ya ce na yi ja, sai manhaja ta duba wa ya iya famfo kuma yake kore. Injiniya ya juya ya ce, “Baba Yohanna, za ka iya haɗawa da wannan?”

“Ba komai, ranka ya daɗe.”

Ina wurin. Na san abin da likita ya ce. Kalma uku ce za ta raba gardama, in ce aikin nawa ne. Amma in na faɗa, ƙaryar wata shida za ta fito fili gaban yara. Sai na sunkuya ina gyara igiyar takalmi. Ranar Laraba bayan azahar Yohanna ya yanke jiki ya faɗi a gindin tanki. Kwana biyu ya yi a asibiti.

Mako uku bayan jana'iza, manhaja ta sake tura shi aiki Daurawa, don ba wanda ya tuna ya cire sunansa. Mutum uku aka ɗauka kafin a cike gurbin wanda allo ya ce ba shi da aikin yi.

Yau abin ya ci gaba. Manhajar ta shiga wayar kowa, tana ƙara tun mutum bai karya kumallo ba, har an ce tana hango aikin wata uku. Da Yohanna zai leƙo, zai yaba mata, don shi bai ƙi sabon abu ba. Amma zai ga allon ya rine ja daga sama har ƙasa, domin duk yaran sun haddace karatuna. Injiniya ya daina yarda da jan kowa. Wanda ya gaji da gaske da wanda ke shan shayi launinsu ɗaya. Yohanna ya bar gine-ginen da ko tsagewa ba su yi ba, da magina goma sha da ke cin abinci da abin da ya koya musu. Ni ga abin da na bari. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ba a faɗa mana wanda ke shan romon ba. Ni na sha.

Ranar da ya faɗi, da aka kira mu, ni na sauko da shi daga benen nan a kafaɗata, kuma iyakar abin da Maman Rahila ta sani ke nan. Shi ya sa duk Kirsimeti take aiko mini da kwanon shinkafa da kaza guda, wai na aminin Baban Rahila. Sau shida ina karɓa, ina cinyewa. Idonta ya yi rauni yanzu, 'yarta ke karanta mata jarida, kuma na roƙi Rahila kada ta tsallake layi ko ɗaya.

Bana ban sani ba ko kwanon zai zo.