Gayyar da Aka Yi Mini a Bayan Idona

Ni mutum ne mai yafiya, duk layinmu an shaida. An taɓa taka mini ƙafa da motar hatsi a tashar Gusau, ni na ba direban haƙuri, har na tambaye shi ko tayarsa ta ji ciwo. Amma akwai abu guda da ɗan gwaggona ya yi mini, yau wata shida ke nan, wanda in na tuna shi ina cin tuwo sai loma ta tsaya mini a wuya.

Shagon kayan babur gare ni a Gusau. Da ƙanena zai tafi aiki Kaduna sai ya bar mini akwatin gem ɗinsa, irin na wasan da ake jonawa a talabijin, da 'yar talabijin ɗin, wai in ajiye masa. Na ajiye, kwana biyu cur. A rana ta uku bayan la'asar kasuwa ta yi sanyi, na jona. Tun daga ranar furfurar gemuna ba ta ƙara hana ni komai ba.

Wasan ba na ƙwallo ba ne, ba na tseren mota ba. Ƙasa ce guda ake danƙa maka, da birninta da dajinta da duwatsunta, ka nufi inda ka ga dama, ka zama abin da ka ga dama. Ni da na duba na ce gado ba ya ɓata, na zama falke. Na sayi jaki, na ɗora masa gishiri, na shiga duniya.

Kafin mako ya zagayo, bencin ƙofar shagona ya zama majalisa. Akwai mai faci na kusa da ni, akwai Malam, tsohon hedimasta da ya yi ritaya, sai kuma ɗan gwaggon nawa, direba ne, yana jigila tsakanin Gusau da Bunguɗu. Taubashina ne, shi yana ce mini bawansa, ni ina ce masa bawana, tun muna yara ba a raba gardamar ba. Mutanen cikin gem Turanci suke yi, ni ne tafinta. In mutum ya faɗi kalma uku, sai in mayar da ita talatin, da Zamfarci, har da gaisuwar iyali. Malam ya fi ni Turanci nesa, amma bai taɓa gyara mini ba, ya ce nawa ya fi daɗi.

A cikin ƙasar nan akwai wasu da ake kira mutanen dutse. Sarkin birni ya ce 'yan fashi ne, duk wanda ya gama da su za a ba shi sarauta. A taswira ma ja suke fitowa, alamar abokan gaba. Ranar da na fara bi ta gindin dutsensu, kibau suka yi mini ruwa, na dawo birni bayana kamar na bushiya.

Kada wani ya ɗauka tsoron faɗa nake yi. Na kashe kuraye a gem ɗin nan da in an jera su za su kai daga Gusau zuwa Mada, a dawo da saura. Sai dai faɗan da ban san dalilinsa ba gajiyar da ni yake yi, kamar sussukar buntu, hannu ya yi ciwo ba ka ga ƙwaya ba. Kura yunwa ke kawo ta, na gane wannan. To su waɗannan, da matansu da awakinsu, me ya fito da su hanya?

Wata rana na kayar da ɗaya daga cikinsu, sai gem ya ba ni zaɓi: in ƙarasa shi, ko in yi masa magana.

Taubashi ya miƙe tsaye a kan benci. “Ƙarasa shi! Bawana, latsa!”

Na latsa magana. Mutumin ya ce in ina son sanin dalili, in je in ga rafinsu. Na je, na tarar da yashi da ƙasusuwan dabbobi. Na bi rafin da ƙafa ina jan jakina, tun la'asar har aka kusa kiran magariba, sai ga katanga an gitta, an juya ruwan zuwa lambun sarkin birni. Malam ya cire hula ya shafa kai, ya ce, “Ashe.”

Daga nan na sa wa raina sai na yi sulhu tsakaninsu da birni. Wata bakwai na yi a kan wannan aiki. Shugabarsu wata tsohuwa ce mai ido ɗaya, na sa mata Inna. Zuwana na fari ta sa aka kore ni da duwatsu. Na koma da gishiri. Na koma da magani lokacin da jikarta ke zazzaɓi. Na nemo musu akuyar da ta ɓace, akuyar da ta wahalar da ni fiye da duk 'ya'yan da na haifa. Kowa na gamu da shi sai na tsaya na saurari zancensa har ƙarshe, ban taɓa tsallake kalma ba. A birni kuma na yi ta safa da marwa gidan waziri har ya yarda a fasa kafa a katangar. A hankali launinsu a taswira ya tashi daga ja ya koma rawaya, daga rawaya ya koma fari.

Taubashi kuwa kullum sai ya yi mita. “Wai kai wanga abu don gaisuwa anka yo shi? Ga takobi a ƙugunka shina tsatsa! Wata bakwai dutse guda ya gagare ka. Ni a wata bakwai na canza injin mota sau biyu.”

“Shi ya sa har yau ba ka wuce Bunguɗu ba,” in ce masa. A yi dariya, a wuce.

Ranar da Inna ta ce in zo a ƙulla alkawari, na kusa rufe shago don murna. Ta ce za su tara makamansu a rumbu su kulle, su buɗe mini ƙofa, ni da ita mu sha ruwa a ƙwarya guda. Na kai jakina har bakin ƙofar, na tsaya nan. Washegari za mu tafi 'Yankuzo ta Tsafe, bikin ƙanen matata, kwana huɗu. Ban so in yi abin a gurguje ba. Na ce wa majalisa ranar da na dawo za a yi, kuma tsire a wuyana.

Motar taubashi tana gareji a makon, don haka shi na ba makullin shago. Na ce, “Bawana, ga amana. Ka sayar da kaya. In kun ƙagu ku kunna, ku je bakin kogin cikin gem ku yi kamun kifi. Amma kada ka hau dutsen nan.”

“Haba bawana,” ya ce. “Tahi abinka.”

A wajen biki jikina ne kawai ke 'Yankuzo. Ana rabon goro ina tsara jawabin da zan sa Inna ta yi. Surukina ya tambaye ni ko lafiya, na ce wani sulhu ne na baro a Gusau. Ya dube ni da girmamawar da bai taɓa yi mini ba tun da na auri 'yarsa, har ya sa mini albarka.

Na dawo da hantsi, ban ko sauke jaka a gida ba. Na tarar da su ukun a benci suna ta murmushi, a gefe ga ƙwaryar fura an shanye. Taubashi ya tare ni da hannu biyu.

“Zamna, bawana. Yau sai ka yi mini godiya gaban mutane.”

Ya kunna. Ga falkena na cikin gem a tsakiyar birni, an naɗa masa rawani, ana ta buga tambari.

“Wannan fa?”

“Sarauta! Munka share maka dutsen nan tas.”

“Kuka yi me?”

“Gayya munka yi maka. Ko kare ba mu bari ba.”

Sai da ya maimaita sau uku kafin maganar ta shiga kunnena. A Kekun Waje, inda ya tashi, in gona ta fi ƙarfin mutum kuma girman kai ya hana shi faɗa, 'yan'uwa sukan jira ya yi tafiya, su taru su nome masa, ya dawo ya tarar da aiki a gama. To shi a ganinsa dutsen nan gonata ce da ta gagare ni, mutanen kuma ciyawa. Ya tara majalisa, ya sayo fura kamar yadda ake yi wa masu gayya, suka riƙa karɓa-karɓa.

“Kuma ba wuya,” in ji mai faci, yana washe baki. “Muna isa suka buɗe ƙofa da kansu. Ba mai ko sanda.”

“Saboda ni suka gani!” na ce. “Fuskata ce! Rigata ce! Jakina ne!”

“To shi ya sa abin ya zo da sauƙi mana.”

Na juya wajen Malam, mutumin da ya cire hula a bakin katanga. “Malam, har da kai?”

Ya dubi takalminsa. “Ni dai na ce a dakata. Da aka ƙi, aka miƙo mini, na ga bai kamata a gayya mutum ya zauna hannu sake ba. Biyu kawai na taɓa.”

“Inna fa?”

Taubashi ya ce, “Tsohuwar nan? Ta fito da ƙwarya tana ta surutu. Na tsallake. Kai ma ka san ba na jin Turanci.”

Na ƙwace abin latsawa na shiga neman inda zan koma baya. Babu. Gem ɗin da kansa yake ajiye inda aka tsaya, sabo ya danne tsoho. Na kira ƙanena a Kaduna, ya ce sai dai in fara daga farko, kuma wai dama ina taɓa masa kaya?

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba ni da inda zan kai ƙara. Na buga wa gwaggo waya, ta yi dariya har da tari. Ta ce, “Taubashinka ne, ba a fushi da taubashi. Kuma mutum ya yi maka gayya da furarsa, ka ma yi masa godiya?” Haka aka taru aka sa ni, da gemuna, na ce na gode. Tsiren da na yi alkawari ma sai da suka ci.

Da suka watse na ja jakina na hau dutsen. Ƙofa a buɗe. Rumbun makamai a kulle yadda suka kulle shi. Ruwa ya dawo rafin, yana ta gudu, ba akuya ko ɗaya a bakinsa. Ƙwaryar tana kife a tsakar fili. Gem ya ba ni zaɓin in ɗauka, wai za ta yi tsada a kasuwar birni. Na kashe talabijin.

Na yi wata guda ban kunna ba. Daga baya na fara sabo, na sayi wani jakin, na nufi dutse kai tsaye. Ga Inna a kan ganuwa, da ranta, da idonta ɗaya. Wallahi sai da na ɗaga wa talabijin hannu. Ta dube ni ta ce wane ne wannan, ta sa aka kore ni da duwatsu.

Taubashi yana benci ranar. Ya ce, “Ka gani? Ba ta ko san ka ba. Miƙo in rama maka.”

Har yau muna cin abinci a kwano ɗaya da shi, in motarsa ta mutu ni ke tura ta. Ina ba shi makullin shago in zan yi tafiya, da aljihun ciniki, da komai. Akwatin gem kuwa a jakata yake tafiya, a naɗe cikin rigar biki. Yanzu wata na biyar nake a kan dutsen, sun koma rawaya, kuma akuyar nan ta sake ɓacewa.