Kofin da Na Kai wa Baba

Ranar sha bakwai ga azumi, shekarar da nake aji uku, ni aka aika gidan Inna Zainabu in karɓo hilu-mur, jan abin shan nan da ba a buɗe baki a unguwarmu Hillat Kuku ta Khartoum sai da shi. A layinmu maza a bakin titi suke shan ruwa, a shimfiɗa tabarmi, kowane gida ya fito da tirensa, mu yara mu yi ta kai da kawowa. Inna Zainabu maƙwabciyarmu ce tun zaman iyayenmu a gonakin audugar Jazira, katanga ɗaya ta raba mu. Ina tsaye ta cika babban kwano, sannan ta ware kofi guda, ta kwance bakin mayafinta ta barbaɗa wani farin abu a ciki. "Wannan na babanki ne shi kaɗai," in ji ta. Ni kuwa da ma uwar sa ido ce, Mama kan ce ko kaza ta yi tari sai na ba da labari.

Baba dako yake yi a kasuwa, ya dawo a galabaice. Ya shanye kofin, ya miƙa hannu zai ɗauki dabino, sai ya sulale. A wannan zafi na Khartoum hannunsa ya yi sanyi kamar randa, gumi na keto masa, leɓɓansa sun yi fari fat. Aka tallafe shi zaune, ana fifita, ana tofa addu'a, kafin a samo mota. Bai kai asibiti ba.

A zaman makoki na buɗe wannan baki nawa, gaban mata cike da tsakar gida, na ce na ga Inna ta zuba abu. Ta rantse har da hawaye cewa gishiri ne da sukari, irin wanda ake ba ɗan ƙodago in rana ta buge shi a gona, don da safe ta hango Baba jingine da bango yana dafe ƙirji. Wa zai saurare ta? Mama ta sa aka ƙara wa katangar tsawo. Tirenta ya riƙa komawa yadda ya fito. In ta gaishe mu sai mu yi ta juya gaisuwar muna neman abin da ke ƙarƙashinta, ko akuyarta ce ta shigo gidanmu sai a ce turo ta aka yi. Abin da ban faɗa wa kowa ba, don ban ɗauke shi komai ba, shi ne Baba ya sha ɗora tafina a ƙirjinsa yana cewa, "Uwata, ji tantabarata tana fuffuka." Ni dai dariya nake yi.

Bara a Omdurman tawa tantabarar ta soma fuffuka. Likita ya ce bugun zuciyata ne ke rikicewa, in ya yi tsanani jini ya kasa zagaya jiki, mutum ya yi sanyi ya faɗi. Ya tambaye ni ko akwai wanda ya taɓa mutuwar farat ɗaya a gidanmu. Wallahi kuka na fashe da shi, har ya ɗauka tsoro ne.

Yau yaƙi ya watsa layinmu, babu tabarmi, babu tire, Inna kuwa ta rasu tun kafin nan ba mu ko je gaisuwa ba. Gishiri ne, Inna, na yarda, sai dai babu sauran katangar da zan leƙa in faɗa miki.