Laima ta Biyar

Kaji ne suka fara sani. Ina durƙushe ina juya tarwaɗa a kan raga, sai uwar 'yan tsaki ta yi wani irin kuka ta kwashe 'ya'yanta suka shige ƙarƙashin rumbu, irin gudun da suke yi idan shirwa na shawagi. Na ɗaga kai ina neman shirwar. Abin da na gani ƙafafun mutum ne, baƙaƙen takalma biyu suna lilo a saman dogonyaro, a kansu kuma wani ƙaton ƙyalle ja da fari ya tare mini rana.

Ba wai ban san da zancen ba. Kwana uku mota mai lasifika tana zagaya Illela tana shelar cewa wani kamfani zai kawo masu sauka da laima daga jirgin sama, za su dira a tsakiyar filin ƙwallo ranar kasuwa da hantsi. Har takarda suka liƙa a bakin tasha, da hoton mutum biyar sun jeru a sararin sama. Ni ma na so zuwa kallo. Amma da sassafe masunta suka kawo wa Gwaggo kwando uku na kifi daga tafkin Kalmalo, kuma a zafin garinmu ɗanyen kifi ba ya kai azahar. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, a wurinta nake zaune tun da na gama sakandare, kuma banda ce sana'arta. Ita ta ɗauki busasshe na jiya ta tafi kasuwa, ni ta bar ni da ɗanye.

Kangon da muke banda yana bayan gida, fili ne mai faɗi, unguwa ɗaya ce tsakaninsa da filin ƙwallo. Rabin duro huɗu na hura wa wuta, na zuba jiƙaƙƙen ƙaiƙayi don hayaƙi ya yi kauri. Fararen buhunan da muka wanke kuwa na shanya su a ƙasa, na danne da duwatsu. Abin da na yi ke nan a ranar. Shi nake yi kowane mako.

Ban gudu ba. Har yau ina tambayar kaina dalili. Ina jin ƙarar iska a jikin ƙyallen kamar ana kakkaɓe tabarma, ina jin mutumin yana ihu da Turanci, amma ina nan durƙushe. Ya wuce ta saman kaina, har iskarsa ta ture mini ɗankwali. Ƙafarsa ta daki katangar maƙwabta, na ji wani sauti kamar an karya busasshen kara, sannan ya faɗo kan duro na ƙarshe ya kife shi. Garwashi da kifi suka watse a ƙasa.

Ƙyallen ya sauko a hankali ya kwanta kan garwashin. Gefensa ya fara narkewa yana ɗiga yana wari kamar leda. Ɗaya gefen kuma iska ta shige shi ta kumbura, ta fara jan mutumin a ƙasa, da igiyoyin da ke ɗaure a kafaɗunsa, tana kai shi wajen wutar. Ya yi ƙoƙarin ya kai hannu ƙirjinsa, hannun ya ƙi. Wuƙar gyaran kifi tana hannuna tun farko, ban ma san ban ajiye ta ba. Na faɗa kan igiyoyin na yi ta yanka. Sirara ne amma da tauri, wata sai na ja sau uku. Da ta ƙarshe ta tsinke, ƙyallen ya tashi da wutarsa ya maƙale a jikin danga, shi kuma ya tsaya kwance a inda yake. Saurayi ne, bai fi ni da yawa ba. Ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

A haka mutane suka same ni: a tsaye a kansa, wuƙa a hannu, zanena duk jinin kifi.

Wata mata ta yi salati da ƙarfi. Wani ya ce, "Ta soke shi!" Kafin a jima kango ya cika, 'yan kallo duk sun baro filin ƙwallo sun biyo inda laimar ta faɗa. Aka ɗauki saurayin a mota. Sai wani mai riga da tambarin kamfanin ya ratso jama'a yana zufa, ya dubi durukan, ya dubi buhunan, ya dube ni.

"Ke, wa ya sa ki yin hayaƙi yau? Wa ya sa ki shimfiɗa farin abu a ƙasa?"

Na ce, "Banda nake yi."

"Banda! Da hayaƙi muke nuna musu wurin sauka, da farin ƙyalle. Kin yi namu sak, kin janye shi daga fili. Ga laima kin yayyanka. Idan yaron nan ya mutu, ko ya rasa ƙafa, ki san a wuyanki yake."

A wuyanki yake. Ban ƙara jin komai ba bayan wannan. Jami'an tsaro biyu suka karɓi wuƙar, suka ce in biyo su, ba da faɗa ba. Suka kai ni rumfar da aka kafa wa manyan baƙi a gefen filin ƙwallo, suka nuna mini benci. Babba a cikinsu ya ce in zauna har a ji daga asibiti.

Na zauna. Kujerun roba duk an watse an bar su. A tsakiyar fili ina hango farin ƙyallen nasu an gicciya shi, kusa da shi wani ɗan gwangwani da aka ce shi ne ya kamata ya ba da hayaƙi, ya yi ɗan tari ya mutu. Masu laima huɗu da suka sauka lafiya suna can gefe suna naɗe kayansu, ba mai kallon kowa. Aka kira azahar, na ce zan yi salla, aka ba ni ruwa a leda na yi alwala. Ina ta lissafi a raina: hayaƙin nawa ne, buhunan nawa ne, wuƙar tawa ce. Duk abin da mutumin ya faɗa gaskiya ne. Na tuna mahaifiyata a Araba, na tuna wanda zai je ya gaya mata an tafi da ni Sakkwato.

Gwaggo ta iso da mayafi a hannu, ba a kai ba, takalmi ɗaya ya tsinke.

"Mi tay yi? Ku gaya min mi ɗiyata tay yi!"

Jami'in ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, bincike ne."

"Ban tahi Makka ba tukuna, ce min Gwaggo kamar kowa. Binciken mi?"

Mai rigar kamfani ya sake jero maganarsa. Gwaggo ta saurare shi har ƙarshe, ta riƙe ƙugu.

"Hayaƙi dai? Ɗana, kangon ga nike banda tun kana yawo ba wando. Motarku ta kwana uku tana cika muna kunne, ta ce kowa shi zo kallo. Ta ce kada a hura wuta? To gobe sai ku hana mu tuwo."

Wasu suka yi dariya, jami'in ma ya juya kai. Amma dariya ba ta sake ni ba. Mutumin ya ce shi ba da ita yake magana ba, za a rubuta komai, kuma wanda ya jawo asara shi zai amsa. Gwaggo ta zauna kusa da ni ta kama hannuna.

Rana ta karkata sosai kafin wata mota ta tsaya a bakin fili. Wani dattijo ya fito, siriri, da furfura, yana ɗan ɗingishi, da jaka a hammata. Na ga masu laiman nan huɗu sun miƙe tsaye. Daga baya na ji tsohon sojan laima ne, kuma shi aka turo ya duba takardun masu sauka da wurin saukar kafin a yi wasan. Shi ya bi saurayin asibiti, shi ya sa ba mu gan shi ba duk yinin.

Bai kula kowa ba, ya jawo kujera ya zauna a gabana.

"'Yata, ke kika yanke igiyoyin?"

Na ce ni ce, na fara kuka, ina cewa ban sani ba, wallahi ban san suna bin hayaƙi ba.

"Bar zancen hayaƙi. Da kika yanka, ina yake tafiya?"

"Wajen wuta."

"Ya kai hannu ƙirjinsa?"

"Ya kai, hannun ya ƙi."

Ya gyaɗa kai, ya ce a nan abin da ake ja a kwance laimar yake. Ya buɗe jakarsa ya fito da katuna ya jera su a kan benci, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sannan ya kira mai rigar kamfani.

"Malam, da safe a Sakkwato mutum nawa ka nuna mini?"

"Yallaɓai, ai ka san yadda..."

"Nawa?"

"Huɗu."

"Na duba lasin mutum huɗu, na sa hannu, na kamo hanya don in ga fili. Ina tsaye a nan na ɗaga kai na ƙirga laima biyar. Ina katin na biyar?"

Mutumin ya ce na biyar ɗin na asali zazzaɓi ya kwantar da shi, kuma an riga an buga hoton mutum biyar, manya sun zo. Yaron kuma ai yana da lasin, yana sauka lafiya a makarantarsu.

Dattijon ya miƙe. Da bakin takalminsa ya zana da'ira a ƙasa, ya yi magana da jami'in, amma da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ya ce lasin da yaron yake da shi na sauka a daji ne, inda fili ya yi faɗi, ba gida, ba waya, ba mutane, ko ka kauce ba wanda za ka faɗa wa. Sauka a tsakiyar gari gaban jama'a kuwa lasin dabam ne. Sai mutum ya yi sauka ɗaruruwa, kowace an rubuta an sa hannu. Sannan a zana masa da'ira 'yar ƙarama, ya faɗi da bakinsa cewa nan zan sauka, ya sauka ciki a tsaye a kan ƙafafunsa sau goma a jere, mai gwaji yana kallo. Ya kauce sau ɗaya, a koma farko. Akwai jarrabawar rubutu. Kuma dole kafin ranar ya san filin da idonsa, ya san abin da ke gabas da shi da abin da ke yamma.

"Waɗannan huɗun," in ji shi, "sun ga hayaƙin yarinyar nan, kamar yadda shi ya gani. Ku tambaye su don me ba su bi shi ba."

Ɗaya daga cikinsu ya ce a hankali, sun san filin yana da raga biyu da rumfa, kangon kuwa babu.

"To. Babu garin da ba a hura wuta. Wanda hayaƙin girki zai ruɗe shi, ba a sako shi a kan mutane. Gwajin don haka aka yi shi."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ɗan kabu-kabu in zai tahi Ƙonni, shinge nawa aka tsai da shi a ce ina takarda? Saniya ma sai da takarda taka ƙetarawa. Amma mutum shi hwaɗo daga sama bisa kan ɗiyata, ba wanda yat tambaye shi komi?"

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Mai rigar kamfani ya fara cewa zai kira ofishinsu, jami'in ya ce ya kira daga nan kan bencin, ya nuna masa wurin zama.

Ni dai duk wannan bai shige ni ba. Abu ɗaya nake jira, na kasa tambaya. Gwaggo ce ta tambaya mini.

"Baba, yaron hwa?"

Ya ce yana raye, yana magana. Ƙafa ta karye wuri biyu, kafaɗa ta goce, an ɗaure, za a wuce da shi Sakkwato. Ya ce likita bai ga ƙuna a jikinsa ba ko kaɗan, kuma irin wannan ƙyallen idan ya narke a jikin mutum da fata yake fita.

Ladan ya riga ya kira la'asar, mutane sun fara zamewa zuwa masallaci. Dattijon ya ja jami'in gefe suka yi magana, ya rubuta wani abu a takarda ya sa hannu, jami'in ya karanta ya ninke. Sannan jami'in ya zo ya tsaya a gabana, ya duba agogonsa, ya ce ƙarfe huɗu da rabi, ya rubuta.

"Malama, tashi ki tafi gida. Babu sunanki a cikin maganar nan sai a matsayin shaida. Ba wanda zai sake zuwa nemanki."

Na ce, "Ba za a kai ni Sakkwato ba?"

"Ba inda za a kai ki."

Na sake tambaya, ya sake faɗa. Duk da haka na ci gaba da zama a kan bencin. Gwaggo ta ce a ƙyale ni in huta, ba sauri muke ba, ta aika a kira mana mai keke napep ya shigo har bakin rumfa.