Liƙin Baba a Tsakiyar Bahar Maliya

Ana idar da sallar asuba muka bar Bani Malik, unguwarmu a Jidda, ni da Baba da Yayana mai goye da jakar jitarsa. Jirgin ba zai fara ɗaukar mutane ba sai wajen azahar, kuma daga gidanmu zuwa tashar jiragen ruwa ba wata tafiya ba ce, amma duk wanda ya san Baba ya san ba a yi masa gardama a kan sammako. Mama ta rako mu bakin ƙofa, ta ce ita da teku sai dai kallo daga nesa. Ta cusa mini ƙullin yaji a jaka kamar waɗanda za su ƙasar da ba a girki.

Masu tambayata abin da ya kai dattijo kamar Baba jirgin 'yan kiɗan rok, ga amsarku. Yayana yana kaɗa jita mai lantarki tare da wasu abokansa, kuma an gayyace su su yi wasa a wani jirgin shaƙatawa da ake cikawa da masoya wannan kiɗa, a zaga Bahar Maliya a dawo. Baba kuwa ya riga ya samo masa gurbin aiki a wani sito da ke tashar, wajen tsohon abokinsa, mutumin yana jiran amsa da zarar mun dawo. A danginmu na Damagaram ba a taɓa yin makaɗi ba. Yaya ya ce ba zai saɓa wa Baba ba, in an ce sito zai rataye jitar. Ni ce na yi ta naci har Baba ya yarda ya zo ya ji da kunnensa kafin ya yanke hukunci. Kowa ya shiga jirgin nan don hutu, mu da shari'a muka shiga.

Ga kuma wani ƙarin aiki a kaina. Yaya ɗan fari ne, don haka Baba ba ya kiran sunansa, ba ya kuma yi masa magana kai tsaye in dai ina kusa. Suna zaune kujera ɗaya a tasi, sai ka ji, "Auta, gaya wa wancan ya janye wannan kayan daga gwiwata." Tun daga nan na san ni ce tafintar tafiyar.

Titi fayau yake, sai manyan motocin kwantena da ke ta tururuwa zuwa tasha. Mun tsaya wajen wani mai ful, wato dafaffen wake, muka karya da burodin tamis mai zafi, wanda in ka yago shi tururi ke dukan fuskarka. Da muka isa, sai muka tarar in kana taƙama da sammako, wani a tafe ya kwana. Ga matasan Saudiyya, ga Misirawa, ga 'yan Filifin, ga Turawa jajaye, kusan kowa cikin baƙar riga, wasu mazan gashinsu ya fi nawa tsawo. Baba ya kalle su sama da ƙasa, ya ce, "Makoki ake yi?"

Bayan an duba iƙamarmu, wato takardar izinin zama, sai na ga Baba ya tsaya yana kalle-kalle. Ya ƙare ƙarfinsa yana ɗaukar buhuna a wannan tasha, amma bai taɓa bi ta ƙofar fasinjoji ba. Ya nuna mini can wani gefe, ya ce wajejen nan mahaifinsa ya sauka lokacin da suka ƙetaro daga Sudan za su aikin Hajji. Wani ma'aikaci ya karɓi jakarsa zai ɗaukar masa, Baba ya riƙe gam, sai da na sa baki ya saki. Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi.

Jirgin gari guda ne. Hawa kan hawa, lunguna iri ɗaya, in ba ka yi hankali ba sai ka ƙwanƙwasa ɗakin wani. Ba a karɓar tsabar kuɗi a ciki, komai da kati ne, don haka na lallaɓa Baba na kulle takardun riyal ɗinsa a ƙaramin akwatin ƙarfen ɗaki. Abinci ka ci iya cikinka, amma abin sha na musamman saye ake yi, kuma kuɗin kofi ɗaya na ruwan mangwaro zai ciyar da gidanmu ful da tamis da safe. Shinkafarsu kyau a ido, lami a baki. Nan yajin Mama ya yi rana. Wani ɗan Filifin da ke teburin kusa da mu ya roƙi ɗanɗano, ya zuba kamar gishiri, muka bar shi yana hawaye yana ɗaga mana babban yatsa.

Kiɗa kuwa ba a magana. A bakin wurin iyo ana yi, a zaure ana yi, har cikin na'urar hawa bene jita ce ke kuka. Ni da nake son abin tun ina makaranta, na ji kamar an saki akuya a gonar wake. Baba ya nemi auduga ya toshe kunnuwa, ya samu kujera a inuwa yana kallon masu kaɗa kai gaba da baya, gashi na tashi. Ya ce ko likitan wuya ne ya shirya tafiyar. Abin da ya fi burge shi masallacin jirgin ne, inda alƙibla ke sauyawa duk lokacin da jirgi ya karkata. Azahar ka fuskanci taga, la'asar ka fuskanci ƙofa. Ni kuma da na cika baki cewa ruwa ba ya damuna, jiri ya kwantar da ni rabin yini, Baba yana ba ni lemon tsami yana dariya.

Mun yada zango a Yanbu. Mun zaga tsohon gari mai gidaje masu tagogin katako, muka ci sayadiyya, wato shinkafa ja da kifi, a wani ɗan shago kusa da ruwa. Masu tasi sun ga baƙaƙen riguna sun ninka kuɗi, amma Baba ya yi musu Larabcin 'yan dako suka dawo hanya. Yaya bai ci abin kirki ba. Washegari ne wasansu.

Bayan la'asar aka kira su dandamalin da ke saman jirgi. Baba ya fito cikin babbar rigarsa ta shadda mai aiki, ya ce ko ba komai ba a zuwa taro da kayan barci. Ya cire audugar. Yaya ya fara a hankali da wani salo irin na jitar Agadas da muke ji a bukukuwan gida, sannan mai ganguna ya faɗo da ƙarfi, wuri ya hargitse. Mutane na tsalle, suna ihu, suna ɗaga hannuwa. Na waiga in ga Baba, sai na tarar ransa a ɓace.

Na ɗauka kiɗan ne bai yi masa ba. Can sai ya jawo ni, ya ɗaga murya a kunnena. "Auta, waɗannan wane irin mutane ne? Tun ɗazu wancan yake zuba gumi, ba wanda ya tashi ya liƙa masa ko riyal ɗaya!"

"Baba, ai a nan ba a..."

"Ina kuɗina?"

"Suna ɗaki, Baba."

Ɗakin yana can ƙasa, waƙar kuma ta kusa ƙarewa. A wajen Baba, makaɗin da ya gama wasa goshinsa babu ko takarda ɗaya an tozarta shi, kuma ba zai zauna a tozarta jininsa a gaban duniya ba. Kafin in ƙara magana ya miƙe ya kutsa cikin taron. Farar shadda tana ratsa baƙaƙen riguna, ana dare masa. A bakin dandamali wani mai gadi ya tare shi. Yaya ya hango, ya katse kiɗa, ya ce a lasifika, "Khalas, khalas, hada abuya!" wato mahaifina ne.

Baba ya hau. Ya tuɓe babbar rigarsa, kamar yadda masu hali ke yi wa makaɗi a gida in kiɗa ya ratsa su, ya zura wa Yaya ita a kan baƙar rigarsa. Hannun rigar ya sauko ya rufe igiyoyin jitar. Sai Baba ya tsaya ya naɗe masa hannuwan bisa kafaɗa, dama da hagu, a tsanake, bai ko kalli fuskarsa ba. Ihun da aka yi, ina jin kifayen ƙasa sun ji. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, hawaye na zubo mini. Yaya ya ƙarasa wasan cikin shadda, Baba ya dawo kujerarsa daga shi sai 'yar ciki da wando.

Da muka koma ɗaki na yi masa bayani. Na ce a nan ba a liƙi, wannan tsallen da ihun shi ne yabonsu, kuma masu jirgi ne ke sallamar makaɗa. Sai ya ce, "Ashe shisshigi na yi." Ya ƙi fita cin abinci, wai kowa zai nuna shi. Da na matsa ya fito, sai ga mutane suna layi su ɗauki hoto da shi. Ya yi ta tsuke fuska, amma bai kori kowa ba.

Yaya kuwa hankalinsa bai kwanta ba. Ya ja ni gefe da Hausarsa ta Jidda, ya ce, "Wallahi ya ukhti, ban gane ba. Baba ya ji daɗi ne, ko tausayi na ba shi?" Ni ma ban sani ba. Wanda ya fitar da ɗansa kunya ba lallai ne ya yarda da sana'arsa ba. Har jirgi ya dawo Jidda, har muka shiga cunkoson titi zuwa Bani Malik, Baba bai ce uffan a kan sito ba, sai ƙorafin tsadar tasi.

In kuna shirin irin wannan tafiya, ku tafi da yajinku da maganin jiri, ku kuma yi wa dattawanku bayanin al'adar wurin tun a gida. Ni dai abin da na koyo shi ne, na daɗe ina fassara maganar Baba, amma ban iya karanta shirunsa ba. Ina zaton kiɗa yake aunawa, ashe mutuncin ɗansa yake gadi.

Mun tarar Mama ta yi tuwo. Muna cikin ci wayar Baba ta yi ƙara, mai sito ne. Yaya ya ajiye lomar da ya ɗauko. Bayan doguwar gaisuwa, Baba ya ce, "Alhaji, na gode da karamci, amma ka ba wani gurbin. Wancan yana da abin yi." Muna jin muryar mutumin yana tambayar wane aiki ya samu. Baba ya gyara zama, bai rage murya ba.

"Makaɗi ne," ya ce. "Kuma ya iya."