Inna Baraka da Injin Tatsa

A wata ruga bayan ƙauyen Araba aka haifi Baraka, kuma tun kafin ta iya ɗaura zani da kyau ta iya wanke ƙwarya. Da ta girma ta auri Umaru, suka dawo gefen garin Illela da 'yan shanunsu. Shekara da shekaru tana ɗaukar nono a ka zuwa kasuwar Lahadi. Har mutanen Kwanni da ke tsallako iyaka sukan nemi inda take zama, don nononta ba ya warin ƙwarya. Da gwiwoyinta suka fara ciwo ta bar talla, ta zauna a gida, zaman da bai yi mata daɗi ba ko kaɗan.

A wannan lokacin ne ƙungiyar makiyayan unguwarsu ta gina rumfar tara madara, aka kawo ƙaramin injin tatsa mai taya, da tiyo-tiyonsa, da robobin da ke kama nonon saniya, da manyan gwangwanayen ƙarfe. Maza suka yi ta rububin koyon kunna inji. Wanki kuwa babu wanda ya ɗaga hannu, sai shugaban ƙungiya, Arɗo Halliru, ya aika a kira Baraka.

Wata budurwa mai suna Safiyya, wadda ta karanci kiwon dabbobi a Sakkwato aka turo ta kula da rumfar, ita ta koya mata aikin. A fara ɗauraya da ruwan ɗumi, a bi da tafasasshen ruwa mai sabulu ya zagaya cikin tiyo, sannan a sake ɗauraya, safe da yamma. Baraka ta riƙe. Sai dai injin nan ya fi garken shanu shan ruwa. Jarka bayan jarka ake ɗebowa daga rijiyar burtsatsen unguwa, tukunya kuma ba ta sauka daga murhu, ga itace sai an je nesa.

Da bazara ta kankama, ruwan burtsatsen ya ja baya. Famfo yakan yi tari ya tsaya, mata a layi ƙarƙashin rana. Wata safiya kurar ruwan rumfa ta cika jarkokinta za ta wuce, sai wata dattijuwa, Hajiya Maryam, ta tare hanya, ta dubi Baraka da ke biye.

“Baraka, mi munka yi muku? Mu muna neman na sha, ku kuna yi wa ƙarhe wanka!”

Baraka ta sauke jarka ɗaya ta bar wa matan, ta wuce kanta a ƙasa. Kafin azahar magana ta kai kunnen Arɗo, ya ce a rufe injin sai ruwa ya sauka, kowa ya koma tatsa da hannu.

Baraka ta same shi a gindin darbejiya, ta durƙusa.

“Allah shi ba ka nasara, a ba ni ɗan lokaci. Ba injin ad da laihi ba, mu ne ba mu san cikinsa ba tukuna.”

Arɗo ya ce ta gwada, amma idan aka sake tare kura a hanya, magana ta ƙare.

Abu na farko da ta lura da shi, tsohon sani ne na mai ƙwarya: madarar da ba ta bushe ba, ba ta gardama. Maza sukan gama tatsa su jingine inji, su tafi fitar da shanu, sai hantsi ya ɗaga a miƙo mata shi ya daskare. Sai ta koma tsayawa a bayan saniyar ƙarshe. Ana zare robobi take karɓa, ta tsoma su a ƙaramin bokitin ruwan ɗumi, inji ya zuƙe. Farin ruwan da ya fito ta zuba wa maruƙa, suka shanye suna kaɗa wutsiya. Ruwan ɗaurayar ƙarshe, wanda ke fitowa garau, ta daina zubarwa. Ta tanade shi don wankin sabulu na gaba. Ruwan sabulun da ya gama aikinsa kuma da shi take wanke daɓen rumfa.

Saura itace. Ta sa Umaru ya samo mata tsohuwar ganga, suka shafe ta da baƙin fenti, suka ɗora ta kan bulo inda rana ke yini. Zuwa la'asar ruwan ciki ba ya taɓuwa da hannu. Baraka ta yi murna har ta daina hura wuta gaba ɗaya, da safe ma da ragowar ɗumin gangar take wanki.

Nan ta yi tuntuɓe. Bayan 'yan kwanaki Safiyya ta gwada madarar safe, ta ga ta tsinke. Ta zare tiyo ɗaya, ta zura yatsa, ya fito da maiƙo.

“Inna, ruwan safe ya huce. Maiƙo ba ya jin ruwan ɗumi, sai mai zafi sosai.”

Ranar aka mayar wa kowa da madararsa. Baraka ta tsaya tana kallon matan da suka zo daga nesa suna komawa da ƙorensu a ka. Ko abincin rana ba ta ci ba. Da yamma Safiyya ta zo ta zauna kusa da ita a kan tabarma.

“Inna, dabararki ba ta ɓaci ba. Zahi kawai muka rasa da sahe.”

“To ɗiyata, in zahi na gudu, sai mu lulluɓe shi. Tuwo ma in anka ruhe shi da kyau yakan kwana da ɗumi.”

Suka cika buhuna da ƙaiƙayin gero, suka ɗinka su kamar riga. Rana na faɗuwa sai a sa wa ganga rigarta, a ɗaure da igiya. Safiyya kuwa ta kafe a kan abu guda: duk safiya sai an ɗebi ruwan an ɗora a wuta ya ƙarasa, sai ta tsoma ma'aunin zafi ta gani da idonta. Baraka ta yarda. Ruwan da ya kwana da ɗumi, 'yan ƙirare kaɗan ke kai shi inda ake so. Itacen da a da yakan ƙare a yini ya koma kai su kwanaki, kurar ruwa kuma ta daina zarya.

Injin bai tsaya ba har damina ta faɗi, madara ba ta sake tsinkewa ba. A taron ƙungiya Arɗo Halliru ya sa aka kira Baraka gaban maza, ya ce duk mai son taɓa injin nan daga yau sai ya fara koyon wanki a hannunta. Samarin da a da suke jingine inji su wuce suka koma durƙusawa gabanta da burushi, tana duba tiyonsu a hasken rana tana mayar wa wanda nasa bai fita ba.

Bara mutanen Amarawa suka gina tasu rumfar, suka aiko da mota a ɗauke ta ta nuna musu. Umaru, wanda bai cika magana ba, ya sa babbar rigarsa ya ce shi ma za shi. A tasha, inda motar ke jiransu, wani dillalin shanu ya tambaye shi ko fatauci za shi yi a Amarawa.

“A'a,” in ji Umaru, yana gyara hula. “Malama nika yi wa rakiya. Can anka kira ta ta koyar.”