Gwangwanin Barira

A ƙauyen nan da ke yamma da Ɗanbatta, Barira da kitso aka san ta tun tana amarya. Tana da hannu, ga son a ce ta yi alheri, wanda har ya so ya yi mata yawa. Amma sunan da ya bi ta har tsufa shi ne Barira mai gwangwani, kuma ga yadda aka yi ta same shi.

Mijinta Yuguda ya taɓa fama da kirci a ƙwauri, yana susa har jini. A asibiti aka ba shi wani maganin shafawa na matsawa, irin mazubin man goge baki, aka ce ya shafa kaɗan na ɗan lokaci ya daina. Kafin kasuwa ta zagayo ƙafa ta yi sumul. Barira ta riƙe sumul ɗin, maganar dainawa kuwa ta bi iska. Bayan rasuwar Yuguda ta adana fankon maganin a cikin kwalla.

Sai shekarun tsada suka shigo. Kuɗin mota ya gagari mutane, gero ya yi tashin gwauron zabi, asibiti ya koma sai wanda aka ɗauka ranga-ranga. Barira ta kai fankon nan kasuwa wajen wani mai tallan magani a baro, wanda rana ta gama dafa kayansa, ya ba ta mai irin launinsa. Don ya yi auki ta matse shi cikin gwangwanin madara, ta cika da man kaɗanya, ta juya da tsinke. Ta ce sadaka ce ga Yuguda, duk mai ƙaiƙayi ya zo ya lakata.

Aka kuwa zo. Mai ƙazuwa ya tsoma yatsa, mai ƙyasbi ta tsoma, mai gyambo ya shafa ya sake mayar da yatsan ciki. Ana miƙa shi ta kan danga daga gida zuwa gida, ya dawo da gashi da ɓawon miki da ƙasar gona a ciki, launinsa ya koma na ruwan wanke-wanke. Ko kare aka miƙa wa sai ya kau da kai. Amma da yake ƙaiƙayi na kwantawa a daren farko, ba wanda ya yi ƙyama, sai shi mata albarka ake yi. In abin ya dawo, ya fi na da faɗi, sai a ce jiki ne bai sha maganin sosai ba, a ƙara lakata. 'Yan mata ma sun lura yana haska fuska, suka fara ƙirƙiro wa kansu ƙuraje.

Jikarta Nana tana wajenta tun da aka yaye ta. Yarinya ce mai gashi, baƙi wuluk, har kafaɗa, kuma a kanta Barira ke gwada kowane sabon kitso. Wata rana tana tsefe mata kai ta ga makero a tsakiyar kan, bai fi kwabo ba. Ta lakato ta shafa. Jan ya ɓace, ta yi murna. Ya dawo ya kai tafin hannu, ta ƙara, safe da yamma, tun damina har aka kai gero rumbu. Wurin ya kumbura ya yi luguf kamar ruɓaɓɓen tumatir, yana fitar da mugunya, ƙuda na bin ɗankwalin yarinyar. Ranar da Barira ta taɓa wurin gashi ya biyo yatsunta, ranar ta sayar da akuyarta suka hau mota.

Malamar asibitin ta buɗe kan, ta duba, sannan ta ce, "Inna, me kuke shafa mata?"

Barira ta zaro gwangwanin daga jaka da alfahari. Malamar ta buɗe murfin, warin ya buge ta, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Inna, wannan maganin na kirci ne, yana kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Makero kuwa abu ne mai rai. Kin hana jiki yaƙarsa, shi kuma ya samu sake yana ci ta ƙasa. Na kai ma sai da maganin sha."

"To 'yar nan, gashin zai fito?"

"Na gefe zai fito in sha Allahu. Tsakiyar ya riga ya zama tabo."

Da suka dawo Barira ta kalli cikin gwangwanin nan da ido biyu a karon farko. Ta jefa shi masai. Da yamma sai ga maƙwabciyarta Kaltume ta leƙo neman lakata. Da ta ji inda ya tafi ta tafa hannu.

"Haba Barira, wannan ai almubazzaranci ne. Allah ya sa na ɗebi nawa a murfin kwalba."

Barira ta faɗa mata abin da malamar ta ce. Kaltume ta taɓe baki, ta ce ita dai ya karɓe ta, ta fice.

Miki ya warke. Jajibirin ƙaramar salla Nana ta zo ta zauna tsakanin ƙafafun kakarta, ta ce shuku take so irin na bara. Barira ta tsaga, ta jawo gashin gefe tana neman ta rufe wurin, ya ƙi kaiwa. Fatar tana sheƙi, santsi kamar bayan cokali. Ta warware ta sake, ta kuma warwarewa.

"Inna, kin cika daɗewa," in ji Nana. "In gashin ya fito da babbar salla ai ba za ki sha wahala haka ba ko?"

 Barira ta ajiye tsinken kitson, ta miƙa hannu ta jawo ɗankwali.